Tsani Kafin Tayoyi

A shekarar 1976, da aka ɗage wa Port Sa'id haraji, mahaifin Midhat da Rif'at ya dawo Iskandariya da kwalin tubalan roba, na haɗa motar kashe gobara. Tubalan suna nan, takardar umarnin kuwa ta daɗe da ɓata.

Midhat, tsohon mai zanen gine-gine, ya sake gina motar a kwamfuta, don ya buga sabuwar takardar umarni. Ya cire inuwa da ƙyalli, ya kewaye kowane tubali da baƙin layi, ya bar jan launi ya ɗan zarce iyaka kamar bugun da. Ba marmari ke tura shi ba. Tun da shanyewar jiki ta kama yayansa Rif'at, bai yi magana ba, bai miƙa hannu ga komai ba, likita kuma ya ce a gwada masa abin da ya sani tun yana yaro.

Aka ɗora wa Rif'at takardar da tubalan a kan tire. Ya dube su kamar bango.

Nawal, matar Rif'at, ta ajiye shayi ta leƙa. "Injiniya, me ya sa lamba ɗaya take dama?"

"Na juya ta yadda muke karatu, don ya samu sauƙi."

"Ka gyara ke nan. Kai da gyara, har tuwon wani sai ka daidaita masa gefe. Shi da ya sha ba ni labarin bai taɓa gama motar nan ba?"

Midhat ya tuna. Takardar asali daga hagu take farawa, Rif'at kuwa daga dama yake binta, kamar littafin makarantarsu na Larabci. Kullum tsani yake fara haɗawa, tayoyi a ƙarshe.

Midhat ya koma ya mayar da hotunan yadda Turawa suka jera su, ya sake bugawa.

Rif'at ya daɗe yana kallon kusurwar dama. Sannan hannunsa mai lafiya ya ɗauki tsani, ya ɗora kan abin da babu shi. Tsanin ya faɗi, tubalan suka watse ƙarƙashin gado.

Nawal ta rufe baki da mayafi. Midhat ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya durƙusa yana tsince su.

"Saura ja ɗaya, Yaya," ya ce.

Yatsan Rif'at na nuna bayan ƙafar gado.