Motar da Ba Ta Taɓa Haɗari Ba

Ni dai ba na iya musu da mai lakatai. Shekarun aikin gwamnati ne suka yi mini haka.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka biya ni kuɗin sallama, na zuba su a tsohuwar gingimari, da niyyar in riƙa ɗaukar gero daga Katsina zuwa Kudu. Kuɗin da suka rage na sayen tayoyin baya ne da batir. Direbana Babaji har ya samo lodin kaka.

Sai ga Malam Yahaya na kamfanin inshora, da lakatai ja. Ya ce inshora iri biyu ce: ƙarama ta nuna wa ɗan sanda, babba kuma ko motar ta ƙone a biya ni. Sabon mai mota kuwa kuɗinsa ya fi tsada, don ba a san hannunsa ba.

"Alhaji, ka yi ƙaramar mu hau hanya," in ji Babaji. "Takarda ba ta gungurawa."

"Mulkin doka aka dawo, Babaji," na ce, ina duban lakatai. Na yi babbar da sauran kuɗin.

Kaka ta zo ta wuce. Babaji ya koma wajen wani mai shanu da ke kai su Legas. Matata Safara'u ta gano bodin motar ya fi rufin ɗaki shan rana, ta mai da shi wurin shanya kuɓewa da barkono. Tsofaffin Ƙofar Sauri suka dawo da tabarmarsu inuwarta. Duk la'asar sai sun tambaye ni, "Alhaji, ya hanya?" Ni kuma in ce alhamdu lillahi.

Da shekara ta zagayo Malam Yahaya ya aiko in je ofis. Ya miƙe tsaye ya ba ni hannu a gaban ma'aikata. Ya ce cikin sababbin masu manyan motoci ni kaɗai ne ban kawo ko fashewar fitila ba, don haka bana an yi mini ragi. Wallahi na ji daɗi. Na sake sa hannu.

A gida na faɗa wa Safara'u. Ta ce, "Madalla. Miƙo mini tsanin nan, barkono ya bushe."

Tun ranar da aka jawo motar daga Kano, a kan duwatsu take.