Sunan 'Yar Fari

Malam Uba mai tantance fata ne a wani kamfanin jima da ke Challawa. Da ya shafa fatar akuya da yatsa zai ce wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu, waccan a wurga ta gefe. Kuma wallahi da wuya ka ga ya kuskure.

'Ya'yansa uku: Radiyya ce ta fari, sai Mujahid, sai auta Shifa'u. Kamar yadda ya taso ya tarar a gidansu, bai taɓa kama sunan Radiyya ba, saboda kunyar ɗan fari. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". In ta zo ta ɗaya a aji sai ya yi gyaran murya ya kau da kai, alhali daɗi kamar ya kashe shi. Shifa'u kuwa, ko atishawa ta yi sai an ɗaga ta sama an yi mata kirari.

Wata Asabar ya taso daga aikin safe, ya wanke warin jima, ya zauna a tabarma. Matarsa Bilkisu ta ajiye masa garau-garau. A tsakar gida Radiyya ta zama malama, da tsinken tsintsiya a hannu, tana koya wa ƙannenta Turancin da aka yi musu a makaranta. Ta jera tukwanen uwarta uku.

"Big, bigger, biggest. Babba, wadda ta fi ta, wadda ta fi duka. Ku ce!"

Suka faɗa da ihu. Malam Uba ya yi murmushi a cikin gemu. Ashe Turawa ma lamba suke ba abu, kamar shi!

"Saura good, better, best," in ji Radiyya. "Mai kyau, wanda ya fi, wanda ya fi kowa."

Ta ja Shifa'u ta tsayar a gaba. "Best." Ta sa Mujahid a bayanta. "Better." Ita kuma ta koma can ƙarshe ta tsaya. "Good."

Bilkisu ta yi dariya daga bakin murhu. "Ke kuma da wane ma'auni kika auna? Ai kin fi su tsawo, kin fi su karatu."

"Ba na tsawo ba ne, Umma. Na yadda Baba yake son mu ne."

Ba da kuka ta faɗa ba, ba kuma da ƙorafi ba. Yadda ta faɗi girman tukwane, haka ta faɗi wannan. Abin da ya soki Malam Uba ke nan. Lomar da ke hannunsa ta ƙi kaiwa baki. Wannan fa ita ce yarinyar da ya saɓa a kafaɗa daga nan har bakin titi neman motar asibiti, ba takalmi, ranar da ta shiɗe tana jaririya. Amma ina za ta sani? Wa ya taɓa gaya mata?

Ya dubi Bilkisu, ta sunkuyar da kai, don ita ma bakinta bai taɓa kama sunan ba. Ya ji kunya ta riƙe masa harshe, kamar mahaifinsa na zaune a gefe yana kallonsa. Amma ya daure ya kira ta.

"Radiyya."

Yarinyar ta saki tsinken tsintsiyar, ta taho a hankali, ta durƙusa nesa da tabarma, idonta ya ciko.

"Baba, don Allah ku yi haƙuri. Laifin me na yi?"

Ai kuwa sai hawaye ya zubo wa ƙaton mutumin nan. Ya matsa gefe, ya tura kwanon tsakiya.

"Ba ki yi komai ba, Radiyya. Wanko hannunki, zo mu ci."