Kunun Tsamiyar Hansai

Hansai na cikin dama kunu mijinta Malam Inuwa ya buga sandarsa a jikin ƙofa sau biyu. Tun da muryarsa ta dusashe, da haka yake kiranta.

"Ina zuwa, Malam. Kunu ba ya jin sanda."

Wata bakwai ke nan rabon da abinci ya bi ta maƙogwaronsa. Ciwon dajin da aka yi masa aiki a kai bara a Kano ya dawo ya toshe hanya, sai ta robar da aka saka masa a ciki ake ɗura masa abinci da sirinji. Wannan bai hana 'yan dubiya daga Toranke har Gaya kawo farfesun kaza ba. Kowa a gidan ya yi kumatu, ban da mai ciwon.

Da maganin farko ya daina aiki, likita ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce akwai wani da ake sawa a ƙarin ruwa, ba zai warkar ba, amma wataƙila ya rage kumburin na ɗan lokaci. Ta lissafo wahalarsa: amai, zubar gashi, gyambon baki, ɗaukewar ɗanɗano. 'Yarsu Muhsina tana ta rubutawa a waya. Shi tambaya ɗaya ya yi, cikin raɗa.

"Zan iya haɗiya?"

"Mai yiwuwa, Baba," in ji likita.

"A sa min."

Sau uku aka sa. Gemunsa ya kakkaɓe a kan matashi. Jiya kuma ya kurɓi ruwa, ruwan ya wuce, shi ne ya ce yau kunun tsamiya yake so, na sabon gero.

Shekara talatin Hansai tana dama masa kunun nan, bai taɓa sha ya yi shiru ba. Kullum tsamiya ta yi kaɗan. Har da kunun ranar sunan Muhsina.

Ta miƙa hannu za ta ɗauko kwanon tsamiyar da ta jiƙa, Muhsina ta riƙe ta.

"Inna, bakinsa duk gyambo ne. Likita ta ce ban da tsami."

"To ai ba kunun tsamiya ba ne ke nan. Zai min ciwon kai."

"Gara ya yi miki."

Hansai ta ture kwanon gefen murhu. Ta tsinka kunun sosai, ta fifita, ta kai masa.

Ya yi bisimilla. Ya daɗe da kurɓin farko a baki, idonsa a rufe, sannan wuyansa ya motsa. Ya wuce. Ya ƙara na biyu. Hansai ta gyara zama, tana jiran faɗan da ta yi wata bakwai ba ta ji ba.

Ya buɗe ido ya dube ta.

"Yau kam tsamiya ta ji."

Daga inda take zaune tana hango kwanon a gefen murhu, cike, ƙuda na zagaya shi. Muhsina, da ta biyo ta, ta buɗe baki. Hansai ta taka mata ƙafa.

"Wato sai yau na iya, Malam?"

"Sai yau," ya ce. "Kin dai daɗe kina koyo."

Ta karɓi ƙoƙon, ta ƙara masa ludayi ɗaya.