Rubu'in Jirgi

Tun kafin Glenys ta ajiye aikin girki a makarantar firamare, zuciyarta ta riga ta tare a cikin jirgin. Siririn jirgi ne kore, irin wanda ake kwana a ciki, yana ɗaure a mashigin ruwan da ya ratsa bayan garinsu. Kullum da safe takan tsaya a kan gada ta dube shi. Hazo yakan kwanta bisa ruwan kamar an zuba madara, sai ta hango kanta a ciki, butar shayi na huci, jirgin na tafiya sannu-sannu har saniyar da ke kiwo a gefe ta fi shi sauri.

Mai jirgin, tsoho Mista Pryce, gwiwa ce ta raba shi da ruwa. Ya ce mata in watan Maris ya fita ba ta biya ba, akwai wani ɗan Landan da ke jira.

Ba ta damu ba. Abin da ta tara a asusun fansho ya yi daidai da kuɗin jirgin, kamar an auna.

Ranar Lahadi ta gaya wa yayarta Dilys suna shan shayi.

"Duka za ki kwashe? A wannan watan na Maris?" Dilys ta dire kofi. "Ke dai har yanzu kanki na cikin gajimare. Rubu'i ne kaɗai naki babu haraji, 'yar nan. Sauran masu haraji za su ɗora shi a kan albashinki na bana, su yanki rabonsu mai tsoka."

"Kuɗina ne fa, Yaya."

"Ni ma haka na ce lokacin nawa. Kin ga kicin ɗin nan? Rabi aka gyara, rabin yana hannun gwamnati. Ki bari shida ga Afrilu ta yi, sabuwar shekarar haraji ta shigo, ba ki da albashi. Abin da za su gutsura bai kai ya kawo ba, 'yan canjinki ma sa cike."

"Kafin nan ɗan Landan ya tafi da jirgina."

"To ki aure shi mana, ku shiga tare."

Glenys ba ta yi dariya ba. A hanyar gida ta ga jirgin a idon zuciyarta ya kwance igiya da kansa, yana shigewa cikin hazo, wani baƙo a bakin tagarta.

Bayan kwana biyu ta sami Mista Pryce a bakin ruwa yana jefa wa agwagi burodi. Ta ce rubu'i kawai za ta iya bayarwa yanzu, sauran sai Afrilu.

Tsohon ya watsa wa agwagin sauran burodin.

"Haraji ko? Ni ma sun taɓa aske ni ba ruwa." Ya karkaɗe hannunsa. "Rubu'in kuɗi, rubu'in jirgi, baiwar Allah. Ba ƙari. Shi wancan mutumin cewa ya yi zai shafe shi da fenti ruwan toka. Kore ne fa tun matata tana raye."

"Wane rubu'in ne nawa?"

"Zaɓi."

Ta zaɓi inda murhu yake.

Ranar da kuɗin suka shigo ya ba ta mabuɗi, ya ja layi da alli a ƙasan jirgin, ya ce in ta ƙetare sai ta biya haya. Glenys ta ɗora buta, ta zauna a bakin 'yar tagar da ta faɗo a rabonta. Jirgin yana ɗaure, amma ruwan yana wucewa da ganyaye da inuwar gajimare, har ta rasa wanne ne ke tafiya. Ta miƙe ƙafa, babban yatsanta ya ɗan taɓa layin allin, ta janye shi.