Takalmin da Ban Mayar Ba

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, rubutu yana cin lokacina, kuma ni ba mai son a ji muryata ba ce. Amma abin ya ƙi sauka daga ƙirjina, ga shi ba zan iya faɗa wa Mama ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Aikina shi ne in shiga kanti kamar kowace mai saye, in duba kaya, in yi tambaya, in saya, in fito. Daga nan in faɗa wa ofishinmu yadda aka karɓe ni: an gaishe ni ko an share ni, an yi mini bayani ko an yi mini tsaki. Masu kantunan ne suke ɗaukar ofishinmu don su san abin da ma'aikatansu ke yi idan ba sa nan. Ni a waya nake faɗin nawa, wata ta rubuta.

Matar da ta ɗauke ni aiki, Anti muke ce mata. Ranar da na je neman aikin shara a ofishin, ta fito tana tambaya ina yarinyar da aka ce tana jira, alhali ina zaune a gabanta. Da na ɗaga hannu sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce in ajiye maganar tsintsiya, fuskata irin wadda ake mantawa ce tun kafin ƙofa ta rufe, kuma irinta take nema. Ban ji haushi ba. Ko a bas kwandasta yakan tsallake ni.

Ita ta koya mini yadda ake ɓacewa a cikin mutane. Kada ki sa kaya masu ɗaukar ido, kada kuma ki sa tsumma. Ki shiga da ledar wani kanti a hannu, kamar kin biyo ne daga wani wuri. Kada ki taɓa waya a ciki. Kada ki jero tambayoyi kamar 'yar sanda, ki yi ɗaya, ki yi shiru, ki ce kayan sun yi tsada ko da ba su yi ba. Turare ma ta hana, don akwai wata abokiyar aikinmu da aka gane ta a kantuna da dama saboda ƙamshinta yana riga ta shiga, har yau Mai Turare muke kiranta. Babbar doka kuwa ita ce ta ɗan katin suna da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji. Dole ki san sunan wanda ya saurare ki, amma kada ya kama idonki a kan katin. Ki karanta shi a madubi, ko lokacin da ya juya zai ɗauko kaya. Anti ta ce mai saye na gaskiya bai damu da sunan kowa ba, da takalminsa ya damu. Wadda aka gane a kanti, ba a sake tura ta can har abada.

Ranar da nake son ba da labarinta, wani kantin takalma aka tura ni, a ɗaya gefen gari inda ban saba zuwa ba. Anti ta ce in sayi takalmin mata na zuwa aiki, washegari in mayar in ce ya matse ni, a ga yadda za su karɓa. Ta ja mini kunne kada in taka shi a ƙasa, don in ƙasansa ya goge ba sa karɓa.

Kantin dogo ne, madubai a jere a ƙasa-ƙasa daidai ƙafa, da kujeru masu laushi a tsakiya. Wata budurwa tana wurin karɓar kuɗi tana cin cingam. Na tsaya gaban wani baƙin takalmi ina juya shi, sai na ji wani ya yi gyaran murya a bayana, irin mai fita ta hanci, gajere, sau biyu. Tun kafin in juya na gane wannan gyaran muryar.

Babana ya tafi neman aiki ina ƙarama. Da farko yana aiko saƙo, daga baya saƙon ya yi nisa, sannan ya tsaya. Mun ji ya yi wani gida. Mama ba ta zage shi a gabana ba ko sau ɗaya, ta dai kwashe hotunansa ta sa a ƙasan akwati. Abin da na fi tunawa da shi shi ne yana kirana Kyanwa, don tafiyata ba ta da sauti, sai dai ya juya ya gan ni a bayansa ya firgita. Har ya taɓa sayo mini takalmin yara mai ƙara ƙiƙ-ƙiƙ in an taka, ya ce yanzu ya huta, duk inda na shiga zai ji ni.

Shi ne a tsaye a bayana. Gashinsa ya yi fari, ya rame, rigar kantin ta yi masa yawa a kafaɗa.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji shi. "Wannan kike so, ko in nuna miki mai laushi?"

Na san haka dattawa suke kiran kowace yarinya. Duk da haka sai da na dafa kujera na zauna.

Na ce masa na zuwa aiki nake nema. Ya ce to bari ya auna, don lambar da mutum yake faɗa da bakinsa ba kullum take gaskiya ba, mata suna rage wa ƙafa lamba kamar yadda suke rage shekaru. Ya yi dariyar abinsa shi kaɗai. Ya jawo abin auna ƙafa, ya durƙusa a hankali yana dafa gwiwa. Na cire silifas na ɗora ta dama, ya auna. Ya ce in kawo ta hagu. Mutane da yawa ɗaya kawai suke aunawa.

"Ta hagun ta ɗan fi," ya ce. "Haka tawa take. Sai mu ɗauki lambar babbar."

Ban san lokacin da idona ya sauka kan katin ƙirjinsa ba. Sunan yana nan da baƙin rubutu, sunan da ke bayan nawa a katin shaidata, wanda malamin aji yake kira kowace safiya in amsa. Na karanta shi, na sake karantawa. Ban duba ta madubi ba, ban jira ya juya ba. Na tsura masa ido kamar yarinyar da ke koyon haruffa.

Da na ɗago, ya riga ya kama ni. Yana durƙushe, hannunsa a kan abin aunawa, yana kallon fuskata. Ya daɗe. Ya kalli idona, ya kalli ledar da ke hannuna, ya sake dawowa fuskata. Na ga wani abu ya canza a tasa fuskar, bakinsa ya ɗan buɗe. Na ce a raina shi ke nan, ya gani. Hancinsa ne a fuskata, kowa yana faɗa. Na zauna ina jiran ya ce Kyanwa. Na manta da Anti, na manta da aikin. Da ya faɗa, da a wurin zan bar komai.

Sai ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Ya gyara katin a ƙirjinsa, ya ja rigarsa ƙasa, ya ɗaga murya ya ce wa budurwar a kawo wa baƙuwa ruwa mai sanyi.

Akwai mata biyu a kantin tun kafin in shigo, ba wadda aka ba ruwa. Budurwar ta tofar da cingam a takarda, ta miƙe tsaye tana murmushi har kunne. Na san wannan alamar, da ita ma'aikata ke sanar da juna cewa irinmu ta shigo. Kowane kanti yana da tasa: wasu su rage rediyo, wasu su kira sunan wanda ba ya nan. Ta nan ruwa ce.

Daga nan bai sake ce mini 'yata ba. Ranki ya daɗe na koma. Ya kawo takalma kala-kala ya jera a gabana, yana faɗin sunan fata da irin ɗinki kamar mai karatun hadda. Ya tambaye ni ko ina son safa, ko man gogewa, ya gaya mini ka'idar mayar da kaya ban tambaya ba. Dariyar nan tasa ta ɗazu ta ɓace. Ya sa mini ɗaya da sauri. Duk da haka ya danna yatsansa a gaban na hagun don ya ji inda babban yatsana ya tsaya, ya cire, ya sa wani. Wani baƙi mara tsini ya zaɓa. Ya ce wannan ba zai ci mini dunduniya ba.

Na bi shi zuwa wurin biya ina riƙe da ruwan da ban sha ba. Yana naɗe takalmin a takarda cikin kwali, ya duƙar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda budurwar ba za ta ji ba.

"Ranki ya daɗe, na san aikinki, kuma ban ga laifinki ba, kowa da abincinsa. Don Allah ki taimaka ki faɗi alheri. An riga an ja mini kunne wai ina da nawa, gwiwa ce. Yarana ƙanana ne. Babbar 'yata bana za ta shiga sakandare."

Na kalli hannunsa a kan kwalin. Na so in ce masa babbar 'yarsa ba ta shiga sakandare ba, kuma ga ta nan.

"Allah ya raya ta," na ce.

Ya ce amin, amin, na gode. Ya rako ni har ƙofa, ya buɗe mini, ya ce sai na sake dawowa.

Doka ita ce in yi nisa da kantin kafin in ciro waya. Na wuce tashar farko, na wuce ta biyu, ban ciro ba. Da na isa gida Mama tana kwashe shanya. Ta ga kwalin, ta ce yau kuma 'yar gayu aka zama, in dai ba mayarwa za a yi ba kamar sauran. Na ce mayarwa za a yi. Ta kalle ni, ta tambaya ko kaina ke ciwo. Na ce rana ce. Ta miƙo mini zanin gado muka ninke tare, ita a can ni a nan.

Na yi tunanin komawa. Aikin ma ya ba ni dalili: in shiga da kwalin, in ce ya matse ni, in zauna a kujerar nan, ya sake durƙusawa. Wataƙila in faɗa masa. Amma na san yana hango ni daga ƙofa zai gyara katinsa, ya sa a kawo ruwa. Ko na faɗa, fuskar mai tsoro zan gani, ba wadda ta yi dariyar mata da lambar ƙafa ba.

Washegari da safe na kira Anti na ce an gane ni.

"Ke? Ke da ko ni sai na nemo ki? Ta yaya?"

Na ce na kalli sunansa. Sai ta ce in Kyanwar ofis ta fara irin wannan, sauran sai addu'a. Ba ta san daga ina ta samo sunan ba, ita ma tafiyata ta gani. Ta ce ta cire ni daga kantin. Na ce kafin ta ajiye, a rubuta cewa dattijon ya gaishe ni, ya durƙusa ya auna ƙafa biyu, tun kafin ya san ko ni wace ce. Ta ce za a rubuta. Ta tambayi takalmin. Na ce zan riƙe, a cire kuɗinsa a albashina.

Na buɗe kwalin, na sa shi, na fita ta bayan gida inda tsakuwa take. Na taka sosai har na tabbata ƙasansa ya goge, sannan na kama hanyar tasha. Ya yi mini daidai, har ta hagun. Ba ya ƙara ko kaɗan.