Haihuwar Guntuwa

Sista tana durƙushe a rumfar awaki ta bayan gida, hannunta na dama cikin bokitin ruwan ɗumi, tana ba mijinta umarni kamar yadda ta saba ba ɗalibai a ɗakin haihuwa.

"Malam, riƙe mata kai. Ba ƙaho ba, kai na ce. Tallabi haɓarta."

Tela ya gyara riƙo. Daga kan keken ɗinki ta ƙwala masa kira, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Shekara talatin matar tasa ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti kafin ta yi ritaya, sunan Sista ya biyo ta har gida, shi ma da shi yake kiranta. Ta karɓi 'yan uku, ta karɓi wanda ya zo ta ƙafa, hannunta bai taɓa rawa ba. Yau ma bai yi ba, ranta ne dai a ɓace.

Guntuwa 'yar gajeriyar akuya ce ja, irin ƙananan nan da ba su cika ido ba amma ba su san ciwo ba. Haihuwarta biyar a gidan, kullum sai dai a leƙo a tarar da 'ya'ya suna tsotso. Sista tana ji da ita fiye da yadda za ta yarda ta faɗa a gaban mutane. Yau tun hantsi ruwa ya fashe, ga rana ta take tsaka, abin da ya leƙo kofato ɗaya ne da kan hanci. Likitan dabbobi ya ce yana wajen gari, ko ya taso yanzu sai ya yi awa uku, akuyar kuwa ba ta da awa uku.

Sista ta dubi kofaton da kyau. Ya kusa kamo na uwar a girma.

"Malam, wane bunsuru ne ya hau akuyar nan?"

"Bunsuru dai... ai bunsuru ne."

"Ban tambaye ka ko rago ne ba."

Tela ya yi tsuru-tsuru, ya kama gyara wuyan riga da hannu ɗaya. Shekara guda ke nan yana damun ta da zancen bunsurun mai gidan burodi, wani dogo mai kunnuwa har kafaɗa, tsayinsa kamar ɗan maraƙi. Kullum maganarsa ɗaya, kiwo ake yi ko wasan yara? Ita kuwa ta sha faɗa masa cewa manyan nan cinsu ya fi ƙarfin bayan gida, ruwan sama kaɗan su kama tari, kuma ƙugun ƙaramar akuya ba ya ɗaukar ɗan babban bunsuru. Yakan ce to, ita kuma ta ɗauka to ɗin gaskiya ce.

"Lokacin da kika je duba 'yarki ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce bari in ba ki mamaki."

"Ai ka ba ni. Shi ya sa buhun dusa yake saurin ƙarewa?"

"Na ɗan riƙa ƙara mata, don ɗan ya yi ƙwari."

"Ya yi ƙwari kuwa, ga shi ya ƙi fitowa."

Ta ajiye faɗan, yana da lokacinsa. Ta cuɗa hannu da sabulu har gwiwa, ta jira naƙudar ta lafa, sannan ta tura kan ɗan ya koma ciki a hankali. Guntuwa ta kurma ihu, Tela ya runtse ido. Sista ta bi wuya da yatsu, ta sami kafaɗa, ta gangara har ta ji ɗaya ƙafar a lanƙwashe ta baya. Ta dunƙule kofaton cikin tafin hannunta don kada ya yaga mahaifa, ta juyo da shi gaba. Gaɓoɓin yatsunta da suka fara kumburi a 'yan shekarun nan suka ɗauki zogi, ta cije leɓe ta ci gaba.

"Yi mata magana, Malam. Ta san muryarka, ba kai ne mai dusa ba?"

"Sannu, Guntuwa. Sannu, 'yar albarka. Laifina ne, sannu."

Da naƙuda ta dawo Sista ta ja, da ta lafa ta tsaya. Sau huɗu ana haka. A na biyar kai ya fito, sauran jikin ya sulluɓo kan buhu, ƙaton ɗan bunsuru mai dogayen kunnuwa, ba ya ko motsi. Ta share masa hanci da baki, ta murza shi da tsumma da ƙarfi, ta sa tsinken harawa ta sosa masa cikin hanci. Ya yi atishawa, ya girgiza kai.

"Sista, dubi ƙafafu! Dubi kunne!" Tela ya washe baki, har ya fara miƙewa. Sai ya ga ita ba ɗan take kallo ba.

Guntuwa tana kwance ta miƙe wuya, jikinta yana ɓari, jini ya ɓata mata cinyoyi. Sista ta duba jinin, ta danna cikin, ta ɗura mata ruwan ɗumi da ɗan sukari. An daɗe kafin akuyar ta ɗaga kai ta soma lasar ɗanta. Sai a lokacin Sista ta zauna a ƙasa daɓas, ta sauke ajiyar zuciya.

"Za ta tashi," ta ce. "Amma da ƙyar ta sha."

Tela ya waiwaya. Idonsa yana ƙarshen rumfar, inda sauran awakinsu biyu, fara da baƙa, suke tuƙa a inuwa. Duka biyun ba su fi Guntuwa tsayi ba, kuma cikinsu ya fito sosai.

"Sista," ya ce, "ba ita kaɗai na kai ba."

Ta dube shi, ta dubi awakin. Tsoro ya taɓa ta, karo na farko a ranar. Ta tashi ta je ta shafa cikin kowace, ta auna ƙugunsu da tafin hannu.

"Yaushe?"

"Kwana goma bayanta."

"To. Daga yau dusa rabin kwano, harawa da ganye su ci su ƙoshi, ruwa kada ya yanke. Gobe likita ya zo ya gan su tun da wuri." Ta dawo ta tsaya a kansa. "Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta juya shi gaba da baya. Yatsun tela ne, dogaye, sirara, sun fi nata da suka kumbura dacewa da aikin.

"Yanke faratan nan."

"Ni? Haba Sista, ni da jini ai..."

"Kai ka kai su, kai za ka karɓa, ina tsaye a kanka. Zo in nuna maka a jikin ɗan Guntuwa inda ake neman kafaɗa, tun yana kwance."

Tela ya sake kallon Guntuwa. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan almakashinsa na yanke zare, ya fara da babban yatsa.