Kunnen Sogo

"Na daji ne, Kaka," in ji Dobale, ya ajiye naman a ganyen ayaba kusa da kanta.

Kwana shida ke nan maƙwabciyarsa, tsohuwa Waifa, tana kwance ba ta sa komai a ciki ba. A ƙauyen da gida tara suka rage tun zuwan masu yankan katako, shi kaɗai ne mai bindiga, kuma ba ya bari a manta. Da safen nan ya hangi alade daga nesa, nisan da mai baka da kibiya ba zai ko gwada ba, ya harba. Sai da ya iso ya ga tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar mai ita. Sogo ce, aladiyar da Waifa ta goya a jakar saƙa tun tana ƙarama, tana tauna mata ayaba tana ɗura mata a baki. A nan kuwa ba ka cin abin da ka rena, ɗanka ne. Ya yanke kunnen ya binne, ya ɗauka magana ta ƙare.

Waifa ta shinshina naman, ta dube shi.

"Na daji da wannan kitse? Wa ke dafa masa gwaza a can, masu katako?"

Matan da ke zaune suka yi dariya. Shi ma ya yi, har ta fi tasu ƙarfi.

"Ci mana, Kaka."

"Haƙora sun riga ni tafiya, ɗana." Ta ture ganyen a hankali. "Amma yi mini abu ɗaya. Muryata ta mutu. In yamma ta yi, ka kira mini Sogo, ta saba da lokacin cinta."



Da yamma babban maharbin ya tsaya a bakin daji da gwaza a hannu, yana buga itace kamar yadda Waifa take yi, yana kiran Sogo. Gari duka na jinsa. Daga cikin ɗaki aka ce, "Ɗaga murya, ɗana, ta yi nisa."

Ya ɗaga.

Washegari da hantsi Waifa ta cika. Matan suka naɗe ta, suka ɗora jakar saƙar a ƙirjinta. Babu wanda ya tambayi ina Sogo, babu kuma wanda ya taɓa naman.

Gwazar na nan a gindin itacen inda ya ajiye, tururuwa sun fara zagaye ta.